Gora a Gwiwar Hannu

A ajinmu akwai wata yarinya mai hannu kamar majajjawa. Shekarunta goma sha huɗu. Ba zan faɗi sunanta ba, don yanzu ta girma, kuma har gobe ƙawata ce. Mu dai Walƙiya muke kiranta.

Ƙauyenmu yana bakin teku, kusa da birnin Mosbi a ƙasar Papua Niugini. Rabin gidajenmu a kan ruwa suke, bisa dogayen itatuwa. A nan yaro yakan san wasan kurket tun kafin ya san haruffa. Ana kafa sanduna uku. Mutum ɗaya ya tsaya gabansu da katakon bugu, wani kuma ya sako masa ƙwallo daga nesa. In ƙwallon ta wuce shi ta doki sandunan, mai bugu ya fita.

Walƙiya ta fi kowa ƙarfin hannu. Da dutse ɗaya take kaɗo mangwaro daga can ƙololuwar bishiya. In ta sako ƙwallo a kan titi, har samari sukan kauce. Ta san ta iya, kuma ba ta bari kowa ya manta.

A farkon zangon karatu aka kawo mana sabuwar malamar wasanni, Malama Hebou. Mu arba'in ne a ajin. Wasu sun ƙware, wasu sun ɗan iya, wasu kuma in suka sako ƙwallo sai kowa ya kare kansa. Ni a cikin na ƙarshen nake, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar farko Malama ta jera mu a fili.

"Yau babu mai gudu," ta ce. "A tsaye za mu fara."

"Haba Malama!" in ji Walƙiya. "Har da mu da muka iya?"

"Har da ku da kuka iya."

Ta ɗaga ƙwallo ta nuna mana. Yatsu biyu a kan ɗinkin ƙwallon, babban yatsa a ƙasa.

"Kada ku damƙe ta kamar za ta gudu. Ku riƙe ta kamar ƙwai. Ku tsaya a kaikaice, kafaɗa tana kallon sanduna. Wannan hannun ya nuna sama. Hannun da ke riƙe da ƙwallon kuma ya zagayo a miƙe, ya gogi kunne, sannan ku saki."

Muka gwada. Ƙwallaye suka watse ko ta ina. Har wani kare da ke barci a inuwa ya tashi ya canja wuri.

Malama ta yi dariya, sannan ta ce, "Babbar doka ɗaya ce. Gwiwar hannu ba ta lanƙwashewa. Wanda ya lanƙwasa ta sannan ya miƙe da ƙarfi, jifa ya yi. Jifa na mangwaro ne, ba na kurket ba."

Malama tana da wata dabara. Ta zo da tsagin gora da tsummoki a cikin jaka. Duk wanda gwiwar hannunsa ke lanƙwashewa, sai ta ɗora masa gora biyu ta ɗaure. Hannun ba zai iya lanƙwashewa ba ko da mai shi yana so. Da muka ga haka sai tsokana ta tashi.

"Wayyo, an yi masa ɗori!"

"Sannu da karaya! Allah ya ba da lafiya!"

Wadda ta fara miƙa hannu a ɗaure mata ita ce Konio. Konio yarinya ce mai shiru-shiru. Ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya gajarta tun haihuwa, saboda haka ba ta iya gudu sosai. Taku biyu take yi ta saki ƙwallo. Da farko ƙwallon ko rabin hanya ba ta kaiwa.

Malama ta haɗa mu biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni. Ta haɗa Walƙiya da Konio.

Walƙiya ta taɓe baki. "Malama, kafin ƙwallon wannan ta iso, ai na je gida na ci abinci na dawo."

Muka kwashe da dariya. Har da ni, kuma ina jin kunyar hakan har yau. Konio ta ɗingisa ta ɗauko ƙwallonta, ta koma wurinta ta sake gwadawa.

Daga ranar Walƙiya ta daina tsayawa da ita. Sai ta tafi can gefe wajen samari tana nuna ƙarfi. Konio kuwa bango ta samu ta zana sanduna uku da gawayi. Kullum tana nan da gorarta, tana faɗa a hankali, "Nuna sama, gogi kunne, saki."

Bayan mako biyu, Malama ta kira Walƙiya gefe.

"Sako min ɗaya in gani."

Walƙiya ta taho a guje ta sako. Ƙwallon ta wuce fuu, ta tumɓuke sanda ɗaya.

"Kina da ƙarfi, 'yata," in ji Malama. "Amma gwiwar hannunki tana lanƙwashewa. Kawo hannun in ɗaura miki gora."

Walƙiya ta ɓoye hannunta a baya. "Ni? Gaban kowa? Malama, ni ba Konio ba ce."

Malama ta daɗe tana kallonta. "To, ba zan tilasta miki ba. Ki je ki gyara da kanki. Muna da wasa da makarantar tsallaken ruwa. Ranar Juma'a zan zaɓi 'yan wasa. In hannunki ya miƙe, kin shiga. In bai miƙe ba, kina cikin 'yan kallo."

Babu abin da Walƙiya take so a duniya kamar ta sako ƙwallo da sunan makarantarmu. Da yamma ta gwada miƙe hannu a kan gadar katako da ke gaban gidansu. Ƙwallon ta tafi a hankali kuma a karkace. Ta sake gwadawa, ƙwallon ta faɗa ruwa. A karo na uku haushi ya kama ta, ta koma yadda ta saba.

Kakanta, Bubu Lohia, yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran komar kamun kifi. Shi ma ya yi wasan kurket a zamaninsa.

"Jikalle," ya ce, "wannan jifa ne."

"Bubu, idonka ne ya tsufa."

"Ya tsufa kam. Amma har yanzu yana gane lanƙwasa."

Ta shige ɗaki tana gunaguni. A jikin ƙusa ta ga rigar yayanta a rataye, fara, mai dogon hannu, mai faɗi. Ta saka ta. Ta lanƙwasa hannu ta miƙe a gaban madubi. Cikin wannan faɗin, ba a ganin abin da gwiwar ke yi. Sai ta yi murmushi.

Ranar Juma'a rana ta take sosai. Kowa yana zufa cikin 'yar riga mai gajeren hannu. Walƙiya ta zo da rigar yayanta.

"Ke kuma lafiya, cikin wannan zafi?" Malama ta tambaya.

"Ƙuraje ne suka fito min a hannu, Malama. Mama ta ce kada rana ta taɓa su."

"Ayya, sannu. Kin gyara gwiwar?"

"Na gyara."

Malama tana da yara arba'in a gabanta, kowa yana kiran sunanta. Ta kalli ƙwallo biyu da Walƙiya ta sako, hannun riga yana ta filfilwa. Sannan ta dafa kafaɗarta.

"Ban gani sosai ba saboda rigar. Amma tun da kin ce kin gyara, na yarda da maganarki. Kin shiga."

Walƙiya ta yi tsalle. Amma a hanyar gida na lura ba ta yi surutu kamar kullum ba.

Ranar Asabar da safe ƙauyenmu ya cika fili. Iyaye mata sun zo da dafaffiyar ayaba da kifi. Bubu Lohia ya zo da sandarsa, aka ba shi kujera a inuwa. Alƙalan wasa biyu ne. Ɗaya yana bayan sanduna, ɗaya kuma, wani dattijo mai farar hula, yana tsaye a gefe inda yake ganin hannun mai sako ƙwallo.

Aka ba Walƙiya ƙwallo. Kowane mai sakowa ƙwallo shida yake yi a jere.

Ta taho a guje. Ƙwallon farko ta wuce mai bugu, ta doki sandar tsakiya. Fili ya kaure da ihu. Mamanta ta miƙe tana rawa.

Sai dattijon ya miƙa hannunsa gefe ya ɗaga murya. "Ban karɓa ba! Jifa ne!"

Ihun ya mutu. Mai bugu bai fita ba. Aka ba 'yan tsallake maki ɗaya kyauta, kuma dole ta sake.

Ta sake. "Jifa ne!"

Ta sake a karo na uku. "Jifa ne!"

Dattijon ya tako a hankali ya zo wajenta. Bai yi faɗa ba. "'Yata, naɗe hannun rigarki, ki sako ɗaya ba mai bugu. Ko ni ne ban gani daidai ba."

Ta naɗe. Babu ƙurji ko ɗaya a hannunta. Ta sako ƙwallon, kowa ya ga gwiwar ta lanƙwashe. Malama Hebou ma ta gani, ta ga hannun sumul, ta sunkuyar da kai.

Aka karɓi ƙwallon aka ba wani. Walƙiya ta fita daga fili. Wani yaro daga tsallake ya ɗaga murya, "A kai ta gindin mangwaro!" A ranar, da maki biyu kacal aka cinye mu. Ita kuwa uku ta bayar kyauta, kowa ya iya wannan lissafin.

A gida ta ƙi cin abinci. Ta zauna a bakin gada tana kuka, ƙafafunta suna lilo a kan ruwa. Bubu ya zo ya zauna kusa da ita da ƙyar, yana riƙe ƙugu.

"Bubu, ka faɗa min, na ƙi ji."

"Na faɗa."

"Ba za ka yi min faɗa ba?"

"Me zan ƙara a kan abin da kika sha yau?" Ya share mata hawaye da babban yatsansa. "Lanƙwasar hannu ba laifi ba ce, jikalle. Kowa da ita yake farawa. Ni ma na yi. Rufe ta da kika yi ne ya kai ki ga kunya."

Mamanta ta leƙo daga ɗaki. "Kuma kika saka sunana a cikin ƙaryarki. Yaushe na ce rana kada ta taɓa ki?"

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Na haƙura. Amma ba ni kaɗai kika ɓata wa ba. Zo ki ci shinkafarki tun da zafi."

Ranar Litinin, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ta sami Malama tana fito da kayan wasa.

"Malama, na yi miki ƙarya. Ba ni da ƙuraje. Ban gyara komai ba."

"Na sani," in ji Malama. "Ba cinye mu da aka yi ne ya dame ni ba. Na ce na yarda da maganarki, shi ne ya yi min zafi."

Walƙiya ta fashe da kuka. "Shi ke nan ba zan ƙara wasa ba?"

"Akwai wasan ƙarshe nan da mako huɗu. Kafin nan za ki sako min ƙwallo shida a gaban aji, hannu a buɗe, duka a miƙe. In ɗaya ta lanƙwashe, sai baɗi."

"Ki ɗaura min gorar, Malama."

"Ni ina da yara da yawa. Kina da abokiyar aiki tun ranar farko. Je ki tambaye ta, in za ta yarda."

Wannan ya fi komai yi mata nauyi. Ta sami Konio a jikin bangonta. Konio ta daɗe da cire gora. Yanzu ƙwallonta tana tafiya a hankali, amma kullum wuri ɗaya take sauka.

Walƙiya ta tsaya tana murza yatsu. "Konio, na yi miki dariya. Ban kyauta ba."

"Kin yi."

"Za ki koya min?"

Konio ta kalle ta sama da ƙasa. "Sai dai kafin mu gama, kin je gida kin ci abinci kin dawo."

Walƙiya ta rufe fuska. Konio ta yi dariya, ta ciro tsohuwar gorarta daga jaka. "Kawo hannun. Tana ƙaiƙayi a ranar farko, kada ki sosa."

Da 'yan aji suka gan ta da gora, sai fili ya ɗauka.

"Jama'a, Walƙiya ta karye!"

"Sannu da jiki! Mu kawo miki kunu?"

Ƙwallonta ta farko ta faɗi kusa da ƙafarta. Ta biyu ta haye rufin ajin 'yan firamare. Idonta ya cika da ƙwalla. A ranar ta san abin da Konio ta sha.

"Kada ki kalle su," in ji Konio. "Kalli bango. Faɗi tare da ni. Nuna sama, gogi kunne, saki."

"Yaya kika yi kika jure?"

"Ai ba su ne za su sako min ƙwallon ba. In na tsaya sauraronsu, wa zai koya a madadina?"

Haka suka yi kullum. Makon farko a tsaye. Mako na biyu da taku biyu, irin na Konio. A mako na uku aka cire gorar, gwiwar ta koma halinta, aka mayar. Walƙiya ta yi fushi ta jefar da ƙwallo ta ce ta fasa. Konio ta zauna a ƙasa tana cin gyaɗa, ta ce, "In kin gama fasawa ki zo mu ci gaba." Ba a yi minti biyar ba ta dawo.

Walƙiya ma ta sami abin da za ta bayar. Ta lura Konio ba ta jan ɗayan hannun ƙasa da ƙarfi. Ta nuna mata. Ƙwallon Konio ta ƙara sauri, har Konio ta yi ihu, abin da ba mu taɓa ji ba.

Ranar gwaji ta zo. Muka zauna a ƙasa, mu duka. Walƙiya ta fito da riga mai gajeren hannu. Malama ta tsaya a gefe.

Ta ɗaya, a miƙe. Ta biyu, a miƙe. Ta uku ta karkace ta bar sanduna, amma hannun a miƙe yake. Ta huɗu da ta biyar ma haka, lafiya lau. Sai dai ba su da gudun da muka saba gani.

Wani yaro mai tsokana ya ce, "Ina Walƙiyar take? Wannan ai kunkuru ne!"

Na ga fuskarta ta canja. Ta ƙara nisan gudunta. Daidai lokacin da ta taho, wata yarinya ta ƙwalla ƙara don tururuwa ta cije ta. Malama ta waiga. Ƙwallon ta shida ta tafi kamar harsashi, ta tumɓuke sanda.

Aji ya ɗauki tafi. Malama ta juyo ta ga sanda a ƙasa.

"Kash, ban ga wannan ba. Biyar dai lafiya suke. Ta shidan fa?"

"Ta yi, Malama! Ta yi!" muka haɗa baki. Mu sandar kawai muka kalla.

Malama ba ta kula mu ba. Walƙiya take kallo. "Ke nake tambaya, 'yata."

Walƙiya ta tsaya tana haki. Kalma ɗaya ce tsakaninta da wasan ƙarshe. Ta kalli Konio. Konio ba ta ɗaga mata kai ba, ba ta kuma girgiza ba.

"Jifa ne, Malama," ta ce. "Na ji ta lanƙwashe. Na so in nuna masa ina da gudu."

Ta san sharaɗin, mu ma mun sani. Ta juya za ta tafi, hawaye suna zuba.

"Dawo nan," in ji Malama.

Ta dawo.

"Na ce in ɗaya ta lanƙwashe sai baɗi. Na faɗi haka ne don ina tsoron ki sake ɓoye min. Yau babu wanda ya gani sai ke, kuma kika faɗa da bakinki. A wasa, in alƙali ya ƙi karɓar ƙwallo, me ake yi?"

"Ana sakewa," in ji Walƙiya a hankali.

"To, yau ke ce alƙalin kanki. Kin ƙi karɓa. Sake."

Konio ta ɗingisa ta kafa sandar da ta faɗi, ta kawo mata ƙwallon da hannunta. Walƙiya ta share fuska. Ba ta yi dogon gudu ba. Hannun ya zagayo a miƙe, ya gogi kunne. Ƙwallon ta sauka, ta taso, ta taɓa sandar gefe, ƙwas.

"Kin shiga," in ji Malama. "Ke ma Konio kin shiga. Ina buƙatar mai sauri, ina kuma buƙatar wadda ba ta kuskuren wuri."

Walƙiya ta rungume Konio har suka kusa faɗuwa. Mu kuwa muka yi ta ihu har shugaban makaranta ya leƙo ta taga.

Da muka yi shiru, Malama ta ce, "Ku riƙe wannan, yara. Rashin iyawa ba abin kunya ba ne. Wanda ya ɓoye kuskurensa ba zai taɓa gyara shi ba. Wanda ya nuna shi kuwa, zai sami mai taimaka masa, wani lokacin ma wanda ya raina ne. Yanzu, su wa ke son a duba hannunsu?"

Ni na fara ɗaga nawa.